Turmi, Muciya da Doka: Tarihin Madafar Hausawan Jazira

Idan ana ba da labarin hijirar da ta kai Hausawa da Fulani ƙasar Sudan, sarakuna da malamai ake ambata. A watan Maris na 1903 Turawan Ingila suka ci Sakkwato, Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya ya nufi gabas da jama'arsa, ya yi shahada a Burmi a watan Yuli na wannan shekara. Ɗansa Muhammadu Bello, wanda aka fi sani da Mai Wurno, ya ci gaba da tafiya da waɗanda suka tsira, har suka kafa garin da ke ɗauke da sunansa a bakin kogin Shuɗin Nilu, kudu da Sinnar. Amma sai da ruwan ciki ake jan na rijiya. Duk zangon da ayarin ya sauka, akwai matar da ta haɗa murhu ta ɗora tukunya, kuma ba a cika tambayar abin da ke cikin kayanta ba.

Tafiyar ƙafa ce ta Borno, Wadai, Darfur da Kurdufan, hanyar da alhazai suka daɗe suna bi zuwa Makka. Takan ɗauki shekaru, domin sai a tsaya a yi noma ko ƙodago a sami guzuri kafin a ƙara gaba. Mai irin wannan tafiya ba ta ɗaukar abin da zai karya mata jaki. Ƙwarya da ludayi ba su da nauyi, muciya da maburgi itace ne, faifai da rariya saƙa ce. Turmi da dutsen niƙa kuwa sai inda aka yada zango mai tsawo a sassaƙa ko a ara. Haka ma cefane: abin da ya bushe shi ke jure hanya, wato gero, dawa, kuka, busasshiyar kuɓewa, daddawa, barkono, kanwa da gishiri. Da waɗannan kaɗai mace za ta tuƙa tuwo, ta kaɗa miya, ta dama kunu ko fura.

Da suka iso, ƙasar ba ta zama musu baƙuwa ƙwarai ta fuskar abinci ba. Mutanen Sudan ma dawa ce abincinsu. Abin da Bahaushe ke kira tuwo, su asida suke ce wa nasu. Busasshiyar kuɓewa ita ce weka, kuma ita ce ginshiƙin miyarsu da suke kira mulah. Maburgi shi ne mufraka, randa ita ce zir, turmi kuma funduk. Itacen kuka suna ce masa tabaldi. Tafasar da muke kwaɗo da ita, a yammacin Sudan ruɓar da ganyenta ake yi a sami kawal, abin ɗanɗanon miya. Daga 'ya'yan yakuwa kuma ake yin furundu, ɗan'uwan daddawar batso. Saboda haka matar da ta fito daga Sakkwato ko Kano ba ta sake koyon girki daga tushe ba, sunaye ta koya.

Babban canji ya zo a 1925, lokacin da aka kammala madatsar ruwa ta Sinnar, aka buɗe aikin noman auduga na Jazira, filin da ke tsakanin Farin Nilu da Shuɗin Nilu. Aikin yana bukatar hannaye masu yawa, sai mutanen yammacin Afirka, waɗanda ake kira Fallata ko Takari, suka zama ƙashin bayan shuka, noma da tsinkar auduga. Kaɗan ne a cikinsu suka sami hawasha, wato gonar da hukumar aikin ke ba manomi. Mafi yawa leburori ne da ke zaune a matsugunan da ake kira kambo, a gefen magudanan ruwa. Wanda ba shi da gona da kuɗi yake sayen hatsi, kuma a nan ne madafa ta tashi daga wurin ciyar da iyali kawai ta zama wurin sana'a. Matar aure tana cikin gida tana suya da daka, yara suna fita talla, kamar dai yadda aka saba a ƙasar Hausa.

Wannan sana'a ta bar wa Sudan gado. Har yau a Wad Madani da Khartum ana cin agashe, naman da ake barbaɗa wa garin gyaɗa da yaji a gasa a bakin wuta. Tsire ne, kuma sunan kansa Hausa ce. Akwai kuma godogodo, curin gero da ake damawa da nono, wanda duk mai shan fura zai gane shi daga kurɓin farko. Ba ta hannun sarki ko malami waɗannan suka shiga kasuwannin Sudan ba, daga turmin mata da tukubar mahauta suka fito.

Su ma Hausawan sun karɓa. Mafi girman abin da ya shigo madafarsu shi ne doka, faffaɗan kaskon da ake yin kisra a kai, wanda a da na yumɓu ne, daga baya na ƙarfe ya maye gurbinsa. Kisra ƙullun dawa ne da ake bari ya yi tsami, a zuba a kan doka, a shimfiɗa shi siriri da ɗan guntun kaba mai suna gargariba, a ɗaga cikin ɗan lokaci. Ga kanun, murhun gawayi na ƙarfe, ga jabana ta dafa gahawa. Da azumi kuma ga hilu-mur, abin shan buɗa-baki da ake yi da tsiron dawa da kayan ƙamshi, ya zauna kusa da kunu. Injin niƙa ya rage wa dutse aiki, tukunyar alminiyam ta kori ta ƙasa, gas ya shiga gidajen masu hali. Amma turmi da muciya ba su tafi ko'ina ba, domin babu injin da ke kirɓa fura yadda hannu ke yi.

Me ya sa ake tuna wannan yanzu? Saboda yaƙin da ya ɓarke a Sudan a watan Afrilu na 2023 ya isa Wad Madani a watan Disamba na wannan shekara, ya kai Sinja a tsakiyar 2024. Mutane da yawa daga Jazira da Sinnar suka bar gidajensu, ciki har da jikokin waɗancan matafiya. Lantarki ya ɗauke, gas ya yi wuya, niƙa ta tsaya a wurare da dama. Waɗanda suka gudu sun sake fuskantar tambayar da kakanninsu mata suka amsa shekara 120 da suka wuce: me za a ɗauka, me za a bari? A unguwanni da sansanoni, takaya, wato madafun taimakon jama'a, suka riƙe rayuka da manyan tukwane, itace da ɗan abin da aka samu na hatsi da wake.

Darasin a fili yake ga mai karatu, ko a Mai Wurno yake ko a Maradi. Kayan girkin da ba a iya yi sai da su ba su ne masu tsada ko masu ƙyalli ba. Tukunya mai ƙwari, muciya, wuƙa, turmi, mazubin ruwa, hatsi da busasshen kayan miya, sai kuma hannun da ya san yadda ake sarrafa su. Wannan na ƙarshen shi ne ya fi saurin ɓacewa, kuma ba a sayensa a kasuwa. Wanda ke da tsohuwa a gida, ya zauna kusa da ita ya tambaye ta yadda ake daddawa da yadda ake busar da kuɓewa, tun tana da bakin faɗa.