Ƙere-ƙeren Ban Mamaki a Tsofaffin Mujallun Kimiyya na Faransa da Amurka (1872–1975)

Gabatarwa

Tun daga ƙarshen ƙarni na 19 har zuwa tsakiyar ƙarni na 20, an yi wasu mujallu a Faransa da Amurka waɗanda aikinsu shi ne kai wa talaka mai karatu labarin kimiyya da ƙere-ƙere. Wanda ya buɗe tsofaffin shafunansu a yau, abin da zai fara ɗauke masa hankali shi ne hotunan abubuwa masu ban dariya, kamar mota mai ƙafa ɗaya, ko hula mai kama tashar rediyo, ko kwalkwalin da marubuci zai kifa a kansa don kada hayaniya ta dame shi. Galibi da dariya ake wuce su. Amma ga mai nazarin harshe da mai tsara littattafan yaƙi da jahilci, akwai abin dubawa a ciki. Waɗannan mujallu sun gwanance wajen mayar da maganar masana ta zama maganar kowa, sai dai da murya guda suke ba da labarin abin da aka ƙera aka gwada da kuma abin da bai taɓa wuce takardar mai zane ba. Wannan maƙala za ta bi tarihin wasu daga cikin ƙere-ƙeren, ta nuna inda kowanne ya ƙare, da abin da shafin mujalla bai gaya wa mai karatu ba game da shi.

1. Asalin mujallun

A shekara ta 1872 Edward Youmans ya kafa Popular Science Monthly a Amurka. Da farko mujallar masu ilimi ce, mai dogayen maƙaloli. Sai a 1915, da ta koma hannun wasu masu ɗab'i, aka sauya mata kama, ta zama ta gajerun labarai masu yawan hotuna. A Faransa kuwa, Gaston Tissandier, masanin haɗa sinadarai mai sha'awar tashi sama cikin balan-balan, ya kafa La Nature a 1873, tana fitowa mako-mako da zane-zane masu kyau.

Wadda ta fi tasiri a kan salon rubutu ita ce Popular Mechanics, wadda Henry Haven Windsor ya fara bugawa a Cikago a 1902. Kirarin da ya yi mata a bango yana cewa an rubuta ta ne yadda mai karatu zai gane. Wannan tafarki Paul Dupuy ya bi a 1913 da ya kafa La Science et la Vie a Paris, wadda daga baya aka gajarta sunanta ya zama Science et Vie. Sa'an nan ga Hugo Gernsback, haifaffen Luksamburg wanda ya yi ƙaura zuwa Amurka a 1904. Ya kafa Electrical Experimenter a 1913, ya sauya mata suna zuwa Science and Invention a 1920.

Masu sayen waɗannan mujallu makanikai ne, da manoma, da ma'aikatan masana'antu, da ƴan makaranta, watau mutanen da karatu ya iso gare su a zamanin da lantarki da mota da rediyo suke shigowa gidaje. Dabarar rubuta musu ba ta da wuya: gajeren bayani, hoto babba, kibiya tana nuna kowane sashe na na'ura da sunansa, sa'an nan a kwatanta sabon abu da wanda mai karatu ya riga ya sani. Abin lura a nan shi ne, mujalla tana bukatar sabon abin mamaki a bangonta kowane wata, alhali kuwa kimiyya ba ta haihuwa kowane wata. Daga wannan giɓi ne yawancin abubuwan ban dariya suka fito.

2. Waɗanda suka mutu a kan takarda

A watan Yuli na 1925 Gernsback ya nuna a mujallarsa wani kwalkwali da ya ƙago ya kira shi Isolator, ma'ana mai keɓewa. An yi shi da katako, an lulluɓe shi da abubuwa masu tare ƙara, yana rufe kai gaba ɗaya har wuya. An shafe gilasan idanunsa da baƙin fenti, an bar siririn layi kawai, yadda mai aiki ba zai ga komi ba sai layin rubutun da ke gabansa. Gernsback da kansa ya lura cewa bayan kamar minti 15 barci yakan fara kama wanda ya sa shi, saboda ƙarancin iska. Maimakon ya yar da dabarar, sai ya ƙara mata tulun iskar oksijin da tiyo. Maganin ya fi cutar wahala, don haka ba ta sami kasuwa ba.

Dynasphere kuwa an ƙera ta da gaske. Dokta J. A. Purves ɗan Ingila ne ya yi ta, aka gwada ta a kan rairayin bakin teku a Brean a 1932, mujallun Amurka suka buga hotonta a wannan shekara. Wata ƙatuwar ƙafa ce guda ɗaya ta ƙarfe mai raga-raga, tsayinta kamar mita 3, direba da injin suna zaune a cikinta, tana mirginawa kewaye da su. Gudunta ya kusa kilomita 50 a awa. An yi ta cewa ita ce motar gobe, tunda an rage ƙafafu huɗu sun koma ɗaya. Abin da hoton bai nuna ba shi ne, juya ta dama ko hagu aiki ne, kuma idan aka taka birki da ƙarfi, kujerar direba takan so ta bi ƙafar ta wuntsila da shi. Hoton tsaye ba ya nuna kwana, ba ya nuna birki, kuma a nan ne na'urar ta faɗi.

Wani misali ya shafi ƙasar nan kai tsaye. Daga 1928 wani mai zanen gine-gine Bajamushe, Herman Sörgel, ya shiga yayata shirin da ya kira Atlantropa a littafinsa na 1932. Nufinsa a gina madatsar ruwa a mashigin Jibraltar, a rage zurfin Bahar Rum da mita 100 zuwa 200, a sami lantarki da sabuwar ƙasar noma. Shirin ya haɗa da datse kogin Kwango, a tara ruwa ya malala arewa ya cika kwarin Tabkin Cadi har ya zama teku. Jaridu da mujallu sun buga taswirorin shirin, an shafa wa tsakiyar Afirka shuɗin launi kamar ba kowa a wurin. Garuruwa da gonaki da makiyayan da ruwan zai haɗiye ba su shiga lissafi ba, domin don amfanin Turai aka tsara shi. Sörgel ya mutu a 1952 ba a aza ko tubali ɗaya ba.

3. Waɗanda suka riga lokacinsu

Ba duk abin da ya ba da dariya ne ya tabbata shirme ba. A watan Afrilu na 1924 mujallar Radio News, ita ma ta Gernsback, ta zana wani yaro zaune a bakin gado yana nuna wa likita harshensa ta cikin wani akwati mai allo. A lokacin ba a fara watsa talabijin ba ma. Yau ganin likita daga nesa ta kwamfuta ko wayar hannu abu ne da aka sani a ƙasashe da dama.

Haka nan hular rediyo da ta fito a bangon Radio-Electronics a watan Yuni na 1949. Hula ce mai faɗin baki, an kafa mata ƙwayayen lantarki guda biyu a gaba kamar ƙahoni, da zoben kama tasha a baya, ana sayar da ita a kan abin da bai kai dalar Amurka 8 ba. Ba ta daɗe a kasuwa ba. Amma bukatar da ta hango gaskiya ce, watau mutum ya yi yawo da rediyonsa. A 1954 aka fitar da Regency TR-1, rediyon aljihu mai aiki da taransista, wanda irinsa ya bazu har ya kai ƙauyukan da ba su taɓa ganin wayar lantarki ba.

A watan Maris na 1949 Popular Mechanics ta yi hasashe a kan kwamfuta. Ta ce ENIAC tana da ƙwayayen lantarki 18,000 da nauyin tan 30, amma kwamfutocin gaba mai yiwuwa su tsaya ga ƙwayaye 1,000 da nauyin tan ɗaya da rabi. Alƙiblar hasashen daidai ce, ma'aunin ne ya kauce, domin an riga an ƙago taransista tun ƙarshen 1947, marubucin kuwa bai kawo ta cikin lissafi ba. Wannan ya nuna cewa mai hasashe yakan faɗaɗa abin da ke gabansa ne, ko ya ƙanƙanta shi, da wuya ya hango abin da zai maye gurbinsa.

Labarin Altair 8800 ya ƙara fito da matsalar hoto. Wannan ƙaramar kwamfuta ta fito a bangon Popular Electronics a watan Janairu na 1975, kuma ganinta ne ya sa Bill Gates da Paul Allen suka rubuta mata manhaja, suka kafa Microsoft a wannan shekara. Amma akwatin da aka ɗauki hotonsa fanko ne, ba komi a cikinsa sai fitilu a fuska, saboda na gaskiyar ya ɓace a hanya lokacin da aka aika da shi zuwa ofishin mujallar. Mai karatu na 1975 ba shi da hanyar da zai bambanta wannan fanko, wanda ya haifi masana'anta, da ƙafar Purves wadda ta yi gudu a gaban jama'a amma ba ta haifi komi ba.

4. Waɗanda suka faɗo a ƙasar da ba tasu ba

Akwai kashi na uku wanda ya fi cancantar nazari. Augustin Mouchot, malamin lissafi a Faransa, ya ƙera madubi mai siffar mazurari wanda ke tara hasken rana a kan tukunyar ruwa har ta yi tururi. A bajekolin duniya na Paris a 1878 ya yi amfani da zafin rana ya samar da ƙanƙara, aka ba shi lambar zinariya. Ranar 6 ga Agusta 1882 mataimakinsa Abel Pifre ya kafa madubi mai faɗin mita 3 da rabi a lambun Tuileries, ya haɗa shi da injin ɗab'i, ya riƙa buga wata ƴar jarida mai suna Soleil-Journal, kamar kofe 500 a awa. La Nature ta buga zanen wannan taro. Duk da haka hukumomin Faransa suka janye tallafinsu, domin gawayin kwal ya yi araha, rana kuwa ba kullum take fitowa a Paris ba.

A 1913 Ba'amurke Frank Shuman ya gina tasha a Ma'adi, kusa da Alƙahira, da dogayen madubai guda 5 masu siffar kwami, tana ɗago ruwan Nilu fiye da lita 20,000 a minti don ban-ruwa. Electrical Experimenter ta ba da labarin aikinsa a 1916. Yaƙin Duniya na Farko da arahar man fetur suka kashe shirin.

Abin da aka ajiye cikin jerin abubuwan kallo a Paris, a Sahel tambaya ce ta itacen girki da ruwan sha. Farfesa Abdou Moumouni Dioffo, wanda ya shugabanci ofishin makamashin rana na ONERSOL a Yamai daga 1969 zuwa 1985, a kan wannan fage ya yi aiki, inda aka yi bincike a kan na'urorin ɗumama ruwa, da murhun rana, da injunan da zafin rana ke motsawa. Shi ne kuma marubucin L'Éducation en Afrique na 1964, inda ya kare koyarwa cikin harsunan Afirka. Hukuncin da aka yanke wa madubin Mouchot hukunci ne na farashin kwal da gajimaren Faransa, bai zama dole ya hau kan ƙasar da rana ke dukanta kusan duk shekara ba.

Kammalawa

Daga abin da ya gabata, mai nazarin waɗannan mujallu yana bukatar ya yi wa kowane hoto tambayoyi huɗu: shin zane ne kawai, ko an yi masa rajistar mallaka, ko an ƙera shi an gwada, ko kuwa ya shiga kasuwa mutane sun yi aiki da shi? Shafin mujalla ba kasafai yake amsawa ba, tunda mai zane yana iya ba mafarki inuwa da ƙyalli daidai da na ƙarfe. Saboda haka shaidar da suke bayarwa a kan burin mutanen zamaninsu da fargabarsu ta fi ƙarfi bisa shaidarsu a kan abin da ya auku.

Ga masu shirya abin karantawa domin sababbin masu karatu, dabarun Windsor suna nan da amfaninsu: gajeriyar jimla, hoto mai sunayen sassa, da kwatanci da abin da aka sani. Sai dai wanda bai daɗe da koyon karatu ba yakan ɗauki duk abin da aka buga tamkar yankan wuƙa, kuma idan ya sa kuɗinsa ko guminsa cikin wata dabara ta ci amanarsa, da wuya ya sake yarda da takarda. Hausa tana da kayan aikin da za su tsare wannan amana, domin a fili take bambanta "an yi" da "ana gwadawa" da "za a yi" da "wai an ce". Wajibin marubuci ne ya zaɓi wadda ta dace da matakin da abin ya kai, ya faɗi inda aka gwada shi da shekarar da aka gwada, ya kuma ambaci aibinsa kusa da amfaninsa.