Waɗanda Suka Zo Karanta Mu

Akwai wani fanni a jami'a, ilimin nazarin al'umma da al'adunta, wanda Turawa ke kira antarofoloji. Yaranmu na Gyadi-Gyadi da Tarauni in za su cike JAMB, likitanci da lauya kawai suke hange, alhali wannan ilimi ya daɗe yana yawo a ƙasar Hausa. Mu ne dai ake karantawa.

A 1949 zuwa 1950 wata Baturiyar Ingila, Mary Smith, ta zauna da wata tsohuwa a ƙasar Zazzau, Baba ta Karo, tana rubuta labarin aurarrakinta, da kishi, da ƙawance, da zamanin bauta. Littafin ya fito a 1954, da Turanci. Baba kuwa ta rasu tun 1951, ba ta gan shi ba.

Mu ma marubutan soyayya abin ya biyo ta kanmu. Lokacin da wasu ke yi mana laƙabin Adabin Kasuwar Kano, Brian Larkin ya zo daga Amurka ya zauna a Kano, ya shiga silima, ya karanta In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino, ya buga nazarinsa a 1997. Abin da aka raina a gida, shi ya ɗauka da daraja.

Mai son digirin, Jami'ar Maiduguri tana haɗa shi da ilimin zamantakewa. Kayan bincike kuwa, ga kasuwar Tarauni, ga 'yan fim na titin Zoo Road.