Zango Da Masu Gari: Abin Da Kakanninmu Suka Riƙe Da Abin Da Suka Karɓa

Bismillahir Rahmanir Rahim. Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda ya halicci mutane dangi dangi da kabila kabila domin su san juna. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu, wanda da ya yi hijira a shekarar 622, bai shiga Madina ba sai da ya kafa harsashin masallaci a Ƙuba.

Bayan haka, ya ku 'yan'uwa, tun da Allah ya nufe mu da aza harsashin wannan masallaci a nan Kumasi, ya kamata mu waiwayi hanyar da ta kawo mu. Akwai tambayar da kowane baƙo yake fama da ita, shi da 'ya'yansa da jikokinsa, watau me zai riƙe daga abin da ya zo da shi, me kuma zai karɓa daga masu gari. Kakanninmu sun amsa ta tun kafin a haife mu. Wani wuri sun dace, wani wuri kuwa sun yi kuskure, mu ne muka biya.

Goro ne ya fara jawo Hausawa zuwa wannan ƙasa. Ayarin fatake yakan taso daga Kano ko Katsina ko Sakkwato da jakuna, ɗauke da kanwa da tufafi da fatu, a yi watanni ana tafiya ƙarƙashin madugu, har a sauka Salaga a ƙasar Gwanja. Can ake haɗuwa da goron da Tonawa suka fito da shi daga kurmi. Inda ayari ya yada kaya ya kwana, shi ake kira zango, kuma sunan ya nuna cewa da fari ba wanda ya zo da nufin zama.

Amma tun kafin Hausawa su yi yawa, akwai Musulmi a fadar Kumasi. Turawan Ingila biyu, Bowdich a 1817 da Dupuis a 1820, sun tarar da malamai a birnin, suna rubuta wa Asantehene Osei Bonsu wasiƙu da Larabci, suna yi masa addu'a, ana kuma jin shawararsu. Malaman Wangarawa da suka riga mu zama a waɗannan ƙasashe sun gaji koyarwar Alhaji Salim Suwari, wanda ya karantar da cewa Musulmi yana iya zama lafiya a ƙarƙashin sarkin da ba Musulmi ba, muddin an bar shi da addininsa, kuma hanyar kiransa ita ce ilmi da kyawun hali. A kan wannan tubali aka gina zaman da muke ci har yau.

A shekarar 1892 yaƙin basasa ya watsa Salaga, fatake da malamai suka bazu zuwa Kete-Krachi da Kintampo da sauran garuruwa. Cikinsu har da Alhaji Umaru, haifaffen Kano, malami kuma mawallafin waƙoƙi da Hausa da Larabci, wanda ya zauna Kete-Krachi yana limanci da karantarwa har ya rasu a 1934. Da Turawa suka ci Kumasi a 1896, suka kuma murƙushe yaƙin Yaa Asantewaa a 1900, sai hanyar kurmi ta buɗe, baƙi suka yi ta kwararowa, zangon Kumasi ya cika. A Akra ma haka aka yi. Malam Baƙo ya nemi fili wurin sarakunan Ga ya kafa Sabon Zango, daga baya Malam Amadu Futa ya kafa Nima. Abin lura shi ne, babu ɗayansu da ya zauna da ƙarfi. Sallama suka yi wa masu ƙasa, aka ba su wuri, suka kiyaye alkawari.

To, a nan akwai abin da mutane da yawa suke mantawa. Zango bai taɓa zama na Hausawa kaɗai ba. Akwai Mosawa da Zabarmawa da Fulani da Yarabawa da Wangarawa da Dagwambawa da Kotokoli da Barebari, kowace kabila da sarkinta. Ɗan Bamoshe da aka haifa a zango ya tashi da Hausa a bakinsa, ya auri Bazabarma, jikansa kuwa in ka tambaye shi asali sai ya ce shi ɗan zango ne. Ashe al'adar da muke cewa a riƙe, ita kanta haɗin gambiza ce, kowa ya kawo nasa ya zuba, Musulunci ya zama maɗaurin tsintsiya. Wanda ya ce baƙo kada ya sake kome daga abin da ya zo da shi, to bai san yadda aka yi shi kansa ba.

Tsakaninmu da masu gari ma an yi ba ni gishiri in ba ka manda. Yau ko'ina a Gana ana cin waakye, wanda sunansa daga wake ya fito, ana shan koko da ƙosai da safe, ana cin tuwon zafi, gidan rediyon ƙasa kuma ya daɗe yana watsa shiri da Hausa. Mu kuwa mun koyi harshen Twi, mun iya fufu, mun san yadda ake gaida sarki a fadar Manhyia. Ba mu ragu da kome ba saboda wannan, arzikinmu ma ƙaruwa ya yi.

Sai dai gaskiya ɗaya ce, dole a faɗi inda aka yi tuntuɓe. Na farko, iyayenmu da yawa sun ƙi sa 'ya'yansu makarantar boko, domin galibin makarantun na mishan ne, suna tsoron kada yaro ya fita da wani suna da wani addini. Tsoron yana da dalili, amma sakamakonsa shi ne zango ya daɗe ba shi da likita, ba shi da lauya, ba shi da mai yi masa magana a ofis. Sai da aka kafa makarantun da suka haɗa Arabiyya da boko, gwamnati kuma ta buɗe sashen ilmin Musulunci a 1987, sa'an nan aka gane ashe yaro yana iya riƙe allo da littafi gaba ɗaya.

Na biyu, mutane sun yi shekara arba'in a gari suna cewa gobe za su koma gida, ba su nemi takardar zama ba, ba su rubuta haihuwar 'ya'yansu ba. Tun a 1957 aka ga alama, sa'ad da gwamnatin Nkrumah ta kori Sarkin Zangon Kumasi Alhaji Amadu Baba da Alhaji Usman Lardan zuwa Nijeriya. Sa'an nan ran 18 ga Nuwamba 1969 gwamnatin Busia ta ba duk baƙon da ba shi da takarda mako biyu ya bar ƙasar. Mutane fiye da 100,000 suka fita. Aka sayar da gidaje da rumfuna a wulaƙance, aka raba mata da miji, waɗansu aka kai su ƙasar da ba su taɓa gani ba aka ce musu ga gida. A 1983 kuma Nijeriya ta kori baƙi, mutanen Gana kusan miliyan ɗaya suka dawo. Wanda ya ga waɗannan shekaru ya san cewa mai ƙafa ɗaya a gari, ɗaya a kan hanya, shi iska take fara ɗauka.

Na uku, shi ne mafi ciwo a rana irin ta yau. An yi zamanin da gardamar limanci da siyasar jam'iyyu suka raba jama'ar zango, a Kumasi da Akra, har mutum ya ƙi bin wani salla don ba kabilarsu ɗaya ba. Wannan ba riƙon al'ada ba ne, jahiliyya ce wadda Annabi ya hana tun ranar da ya ƙulla 'yan'uwantaka tsakanin Muhajirai da Ansaru.

Yanzu kuwa abin ya juya. Jikokinmu 'yan ƙasa ne, suna jefa ƙuri'a, suna aikin gwamnati. Abin tsoro yau shi ne yaron da ya iya Turanci da Twi, amma ba ya iya gaida kakarsa da harshenta, bai kuma sauke ko izu ɗaya ba. Kowa ya bar gida, gida ya bar shi, kayan aro kuwa ba ya rufe katara.

Ma'aunin da tarihin nan ya bar mana bai ɓuya ba. Sahabban da suka yi hijira zuwa Habasha sun zauna ƙarƙashin Najjashi, sun kiyaye amanar ƙasarsa, amma da aka tambaye su a fada game da Annabi Isa, Ja'afaru ɗan Abu Ɗalib ya faɗi abin da suka yi imani da shi, bai rage ba. Abin da yake na addini, da tarbiyya, da harshen da uwa take yi wa ɗanta faɗa da shi, wannan a riƙe shi da hannu biyu. Abin da yake na doka, da ilmi, da sana'a, da haƙƙin maƙwabci, wannan a shiga cikinsa gaba ɗaya kamar kowane ɗan ƙasa. Mun ga misali a zamaninmu, sa'ad da Babban Limamin Ƙasa, Shehu Usman Nuhu Sharubutu, ya ziyarci cocin Katolika na Christ the King a Akra a 2019, yana da shekara 100. Ya shiga da rawaninsa, ya gaida maƙwabta, ya fito da addininsa.

Mai tafiya bukka yake kafawa, mai zama shi ke haƙa harsashi. Tubalin da muka aza yau shaida ce cewa nan gidanmu ne, nan za a binne mu, nan jikokinmu za su yi salla. Muna roƙon Allah ya sa wannan ɗaki ya zama na kowane Musulmi, ba na wata kabila ba, ya cika shi da karatun yara, ya sa maƙwabtanmu su ga alheri daga gare shi. Waɗanda suka ba da dukiyarsu, da waɗanda suka ba da ƙarfinsu, Allah ya gina musu gida a Aljanna. Allah ya jiƙan magabatanmu da suka yada zango a nan, ya zaunar da ƙasarmu lafiya, ya nuna mana ranar buɗewa. Amin.