Lord Salisbury (1830–1903) da Layin Say zuwa Barruwa

An haifi Robert Gascoyne-Cecil, wanda aka fi sani da Lord Salisbury, a gidan sarautar Hatfield da ke Ingila a 1830. Ya shiga majalisar dokoki a 1853, ya gaji sarautar mahaifinsa a 1868, ya wakilci Birtaniya a taron Berlin na 1878 tare da firayim minista Disraeli. Sau uku ya yi firayim minista tsakanin 1885 da 1902, kuma galibin wannan lokacin shi ke riƙe da ma'aikatar harkokin waje. Ya rasu a 1903.

Inda marubuta suka saɓa shi ne rawar da ya taka wajen raba ƙasar Hausa. A ranar 5 ga Agusta 1890 ya daidaita da Faransa a kan layin da ya tashi daga Say a bakin Kwara zuwa Barruwa a gefen Tafkin Chadi, bisa sharaɗin duk abin da ke ƙarƙashin Sakkwato ya faɗa wa Kamfanin Neja na Birtaniya. Hujjar Birtaniya ita ce takardun da Joseph Thomson ya ce ya ƙulla da Sakkwato da Gwandu a 1885. Amma da Bafaranshe Monteil ya ratsa Sakkwato da Kano a 1891, bai tarar da wani ikon Kamfanin ba. Ashe kyautar kayan wani aka yi, domin a kauce wa rikici a Turai.

Masu wanke shi suna cewa layin bai ɗore ba. Gaskiya ne: yarjejeniyar 14 ga Yuni 1898 ta zana rabin da'ira mai nisan mil 100 kewaye da Sakkwato, Faransawa suka koka cewa hanyarsu ta zuwa Damagaram ba rijiyoyi, aka sake gyara a 1904 da 1906 bayan ya bar mulki, har Birnin Ƙonni ya koma ɓangaren Faransa. Sai dai duk gyare-gyaren nan a kan tubalinsa aka ɗora su, wato Turawa biyu su yi ciniki a kan taswira ba tare da an tuntuɓi Sarkin Musulmi ko Shehun Borno ba. Iyakar Najeriya da Nijar ta yau ba hannunsa ya zana ta ba, amma shi ya fara amincewa cewa za a raba.