Tiyotiwakan: Birnin da Baƙi Suka Raɗa wa Suna

Kimanin kilomita 50 arewa maso gabas da birnin Meziko akwai wani tsohon kufai da ake kira Tiyotiwakan. Da muka sa ƙafa a babbar hanyarsa, sai Dalar Rana ta tare mana ido, tsayinta wajen mita 65. A wannan fage ne mazauna birnin suke bauta da miƙa hadaya, har da ta bil'adama.

Masana sun ƙiyasta cewa wajen shekarar 500 Miladiyya jama'arsa sun kai dubu 100. Cikin ƙarni na 6 aka cinna wa manyan gine-ginensa wuta, mutane suka watse sannu a hankali.

Abin da ya fi taɓa mana zuciya shi ne batun suna. Mutanen Aztek, waɗanda Sifaniyawa suka ci da yaƙi a 1521, kufai suka tarar, su kuma suka raɗa masa wannan suna, wato mahaifar alloli. Hanyar ma su suka kira ta Hanyar Matattu, domin sun zaci gine-ginen gefenta kaburbura ne. Sunan da maginan suka ba garinsu kuwa ya bi su kushewa. Ashe duk al'ummar da muryarta ta ɓace, baƙo ne zai yi mata raɗin suna.