Darasin jami'a a sakandare: Wa ke bayar da izni?

A unguwannin Kano irin su Rijiyar Lemo da Fagge da Sabon Gari, abu ne da aka saba gani a tarar da allunan makarantu masu zaman kansu suna tallar karatun share fagen shiga jami'a, tare da alkawarin cewa ɗalibi zai fara daga aji biyu.

Sai dai koyar da darasi mai darajar na jami'a, kamar ilmin ƙididdiga, ba abu ba ne da malami ko shugaban makaranta zai yanke shawararsa shi kaɗai.

Darajar irin wannan karatu ta dogara ne a kan hukumar da ta amince da shi, da kuma ko jami'o'i sun yarda da takardar shaidarta.

Yadda abin yake a da

Tun kafin samun 'yancin kai, wasu manyan makarantun sakandare a Nijeriya sukan riƙe ɗalibansu masu hazaƙa na ƙarin shekaru biyu domin su yi karatun da ake kira HSC, bisa tsarin da aka gada daga Ingila.

Kwalejin Barewa da ke Zariya tana cikin makarantun da suka yi fice a wannan tsari a arewacin ƙasar.

Amma da yake makarantun da ke da waɗannan azuzuwa ba su da yawa a arewa, sai jihohi suka shiga kafa kwalejojin share fage a shekarun 1970. A Kano, kwalejin da jama'a suka fi sani da suna CAS, wadda ke kan titin zuwa filin jirgin sama, ta samo asali ne daga wannan yunƙuri.

Bayan da aka fara aiki da tsarin ilmi na 6-3-3-4 a shekarar 1982, azuzuwan HSC sun yi ta ɓacewa daga makarantun gwamnati, kuma karatun share fage ya koma hannun kwalejoji da jami'o'i.

A yau ɗalibin sakandare yana haɗuwa da ƙididdiga ne a matsayin wani ɓangare na darasin lissafi, bisa manhajar da hukumar NERDC ke tsarawa, kuma hukumomin WAEC da NECO ke yin jarrabawa a kanta. Wannan sakamako ba ya ɗauke wa ɗalibi ko da kwas ɗaya na jami'a.

Ƙofofi uku

Makarantar da ke son ta koyar da abin da ya wuce wannan manhaja, kuma jami'a ta lissafa shi, tana da manyan hanyoyi uku.

Ta farko ita ce jarrabawar IJMB, wadda aka kafa a shekarar 1976 a ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya. Jami'ar ce ke tsara manhaja da jarrabawa, kuma cibiyoyin da ta amince da su ne kawai ke da ikon gabatar da ɗalibai.

Ɗalibi yakan zaɓi darussa uku, ya yi karatu na kimanin shekara guda, kuma maki mafi yawa da zai iya samu shi ne 16.

Ta biyu ita ce JUPEB, wadda wasu jami'o'i goma ƙarƙashin jagorancin Jami'ar Legas suka kafa a shekarar 2014. Ita kuma tana hulɗa ne da jami'o'in da suka yi rajista da ita, waɗanda su ne ke gudanar da karatun.

Ta uku ita ce jarrabawar Cambridge ta Ingila. A nan makarantar sakandare tana iya neman rajista da kanta, ko ta hanyar hukumar British Council, kuma akan duba gine-ginenta da malamanta da yadda za ta tsare takardun jarrabawa kafin a amince da ita.

A manhajar lissafi ta Cambridge akwai takardu biyu da aka keɓe wa ƙididdiga da ilmin yiwuwar aukuwar abu.

Ta kowace ƙofa aka bi, ɗalibi zai nemi gurbin shiga aji biyu ne ta hannun hukumar JAMB, kuma tilas ne ya kasance yana da kiredit biyar a jarrabawar kammala sakandare.

Ban da wannan kuma, dole makarantar kanta ta kasance tana da rajista da gwamnatin jiha, malamanta kuma su yi rajista da hukumar TRCN, wadda dokar 1993 ta ɗora wa alhakin tantance malamai a ƙasar.

Tsarin Amurka

A Amurka lamarin ya sha bamban, domin kuwa a can ana koyar da darasin jami'a ne a cikin ajin sakandare, tun kafin ɗalibi ya kammala.

Wata ƙungiya mai zaman kanta da ake kira College Board ce ke gudanar da shirin da aka fi sani da AP tun daga shekarar 1955. An fara jarrabawar ƙididdiga a ƙarƙashin shirin a shekarar 1997.

Darasin dai ya ƙunshi yadda ake tattara bayanai, da yadda ake nazarinsu, da ilmin yiwuwar aukuwar abu, da kuma yadda ake yanke hukunci a kan jama'a masu yawa daga ɗan samfurin da aka zaɓa.

Tun daga shekarar 2007, malamin da ke son darasinsa ya ɗauki tambarin AP sai ya miƙa tsarin koyarwarsa ga ƙungiyar, shugaban makarantarsa kuma ya tabbatar da cewa za a samar da littattafai da kayan aikin da ake buƙata.

Malaman jami'a ne ke duba tsarin da malamin ya rubuta da kansa. Idan an amince, sai a sanya sunan makarantar a cikin wani kundi da jami'o'i ke iya dubawa, kuma akan sabunta iznin a kowace shekara.

Ana bayar da maki daga 1 zuwa 5, kuma kowace jami'a ce ke yanke wa kanta makin da za ta karɓa a madadin kwas ɗinta na shekarar farko.

Babban bambancin ke nan: a Amurka ana bayar da izni ne ga darasi guda a hannun malami guda, alhali a Nijeriya cibiya ce gaba ɗaya ake amincewa da ita.

Takardun jabu

A shekarar 2024 hukumar JAMB ta ce ta gano takardun sakamako na jabu guda 1,665 a lokacin rajistar masu neman shiga aji biyu ta shekarar 2023.

Hukumar ta kuma ce a wani bincike da Jami'ar Bayero ta Kano ta gudanar a kan takardun mutane 148, guda shida ne kawai aka tarar sahihai ne.

Wannan ne ya sa a yanzu hukumar ke tantance irin waɗannan takardu daga wurin da aka ce sun fito kafin a bai wa ɗalibi gurbi.

Ma'anar wannan ga iyaye ita ce, ɗalibin da ya yi karatu a cibiyar da ba ta da izni yana iya yin asarar kuɗi da shekara guda, ko da kuwa malaminsa ƙwararre ne kuma ya koyar da darasin yadda ya kamata.

Don haka kafin a biya kuɗin makaranta, akwai abubuwa uku da suka cancanci a tabbatar: hukumar da za ta shirya jarrabawar, da ko sunan cibiyar yana cikin jerin waɗanda hukumar ta amince da su, da kuma ko sashen jami'ar da ɗalibin ke son shiga yana karɓar darussan da ya zaɓa.