Gure: abin da bincike ke cewa kan auren wuri da karatun 'yan mata

Yawancin alƙaluman da ake ambato kan lafiyar matasa a Nijar sun fito ne daga binciken EDSN-MICS da cibiyar ƙididdiga ta ƙasa, INS, ta gudanar a 2012. Shi ne ya nuna cewa kashi 76 cikin 100 na mata masu shekaru 20 zuwa 24 an aurar da su kafin su cika 18, kashi 28 kuma kafin 15. A lokacin, mace ɗaya na haihuwar yara 7.6 a matsakaicin lissafi, a jihar Damagaram 8.5. Binciken ENAFEME na 2021 ya sauko da adadin ƙasa zuwa 6.2.

Sai dai waɗannan alƙaluma na jiha ne. Gundumar Gure, mai mazauna sama da 300,000 a ƙidayar 2012, inda Mangawa da Tubawa da Fulani da Hausawa ke zaune tare, an haɗe ta da birnin Damagaram da Magarya a lissafi guda, alhali rayuwar makiyayi da ta ɗan birni ba ɗaya ba ce.

Binciken da ya fi tasiri a jihar ba na ƙidaya ba ne. A 2007, asusun UNFPA ya sa cibiyar LASDEL ta Yamai ta gano dalilin da ya hana mata zuwa likita. Amsar ba ta ba kowa mamaki ba: sau da yawa miji ne ke da ta cewa. Daga nan aka kafa makarantun mazaje a 2008. Kowace na da membobin da ba su wuce 12 ba, magidanta masu shekaru 25 zuwa sama, waɗanda matansu ke zuwa awo. Suna zama sau biyu a wata, sannan su bi sauran maza da bayani a majalisa da wurin suna. Ƙasashe maƙwabta sun kwaikwayi tsarin. Amma tsari ne na ma'aurata. Yarinyar da ba a kai ga aurarwa ba sai a 2013 ta samu nata, shirin Illimin, na masu shekaru 10 zuwa 19 da ba sa makaranta.

Inda ake yawan rasa 'yan mata shi ne tsakanin ajin CM2 da kolej. Ƙauyuka da dama ba su da kolej, dole yarinya ta sauka gidan wani a gari, kuma iyaye da yawa, saboda tsoron abin kunya, sukan zaɓi aure. Wannan giɓi ne aka so cikewa da gidan kwanan ɗalibai mata na Kelle, cikin gundumar Gure, wanda gwamnatin Mohamed Bazoum ta riƙe a matsayin abin koyi kafin juyin mulkin 26 ga Yulin 2023.

A fannin doka, abin da sauran rina a kaba. Ƙudurin Disamban 2017 ya tanadi kariya ga yarinyar da ke karatu, amma kundin dokokin farar hula da aka gada daga Faransa ya sa shekarun aure 15 ga mace, 18 ga namiji. Galibin aure a karkara ma gaban liman da dangi ake ɗaura shi, ba ya bi ta ofishin magajin gari.